Farautar Ƙwaro a Cikin Kwamfuta: Shin Kayan Tono Kuskure na Layin Umarni Suna da Wuyar Sha'ani?

Ranar 9 ga watan Satumba na shekarar 1947, wata katafariyar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira Mark II, wadda ke Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, ta sami tangarɗa. Masu kula da ita suka bi ta lungu-lungu har suka iske wani ɗan faɗa-wuta ya maƙale a cikin makunni mai lamba 70. Suka ciro shi, suka manna gawarsa a littafin da suke rubuta abubuwan da ke wakana a kullum. Wannan littafi yana nan a ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington. Grace Hopper, masaniyar lissafi da ke cikin ma'aikatan wannan na'ura, ta yi ta ba da labarin shekara da shekaru, shi ya sa jama'a da dama suke zaton tun daga ranar ne Turawa suka fara kiran kuskuren na'ura da sunan ƙwaro, wato "bug". Amma kalmar ta girmi wannan rana, domin tun a shekarar 1878 Thomas Edison ya yi amfani da ita a cikin wata wasiƙa inda yake maganar ƙananan matsalolin da ke ɓullowa a cikin ƙirƙire-ƙirƙirensa. Masanin ƙwari kuwa yana da nasa ƙorafin: a ilimin rabe-raben halittu, wannan suna na dangin Hemiptera ne, wato su kuɗin cizo, alhali faɗa-wuta ɗan dangin Lepidoptera ne, shi da malam-buɗe-littafi.

Ko ma dai yaya ne, sunan ya bi kuskuren, kuma masu ƙera kayan maganinsa suka ci gaba da barkwancin. A ƙarshen shekarun 1950, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, an rubuta wa kwamfutar TX-0 wata manhajar tono kuskure aka raɗa mata FLIT, sunan maganin feshin sauron nan da dattawa za su iya tunawa. A shekarar 1961 wani ɗalibi mai suna Alan Kotok ya rubuta wa kwamfutar PDP-1 irin wannan manhaja, aka kira ta DDT, takwarar maganin ƙwarin da ya jawo wa Paul Müller lambar yabo ta Nobel a 1948. Irin waɗannan manhajoji su ake kira dibaga, kuma a kansu ne wannan bayani zai tsaya.

Me ya haɗa mai nazarin halittu da dibaga?

A da, kayan aikin mai nazarin halittu ba su wuce madubin duba ƙananan halittu da almakashi da kwalaben gwaji ba. Yanzu kuwa, duk wanda ke nazarin jerin haruffan DNA, ko siffar furotin, ko yaɗuwar cuta a cikin al'umma, sai ya rubuta manhaja ko ya yi amfani da wadda wani ya rubuta. Manhaja kuwa rubutun ɗan'adam ce, ba ta rasa kuskure. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera kwamfutar EDSAC a Jami'ar Cambridge, ya ba da labarin yadda a shekarar 1949 ya farga cewa kaso mai tsoka na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakurai a cikin manhajojin da shi da kansa ya rubuta.

Dibaga manhaja ce da ke riƙe da linzamin wata manhajar. Tana iya tsayar da ita a tsakiyar aiki, ta leƙa cikinta, ta sa ta tafi taki ɗaya ɗaya. Hanyoyin yi mata magana iri biyu ne. Akwai mai tagogi da hotuna, inda mutum ke nuna abin da yake so ya danna. Akwai kuma ta layin umarni, inda babu komai a fuskar kwamfuta sai wata 'yar alama tana ƙyaftawa, tana jiran a rubuta mata umarni da haruffa. Mafi shahara a wannan rukuni na biyu ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya rubuta a shekarar 1986 a ƙarƙashin shirin GNU, yana koyi da wata da ta gabace ta mai suna dbx ta Jami'ar California da ke Berkeley. Shekaru kusan arba'in ke nan ana jayayya a kanta. Wasu na cewa babu abin da ya fi ta sauƙi. Wasu kuwa na cewa azaba ce da mutanen da suka saba da ita suke ƙaƙaba wa na baya. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ba za a gane hujjojin ba sai an ga yadda aikin yake.

Yadda farautar take gudana

A ƙaddara wata ɗaliba ce ta rubuta ƙaramar manhaja da harshen C domin ƙidaya haruffan nan huɗu na DNA, wato A da C da G da T, a cikin jerin da aka samo daga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Ta gwada manhajar da gajeren jeri, komai ya tafi daidai. Da ta ba ta babban fayil, sai manhajar ta mutu nan take, kwamfuta ba ta ce komai ba illa kalmomi biyu na Turanci masu nuna cewa an taɓa wani sashe na ma'adanar kwamfuta da ba a yarda a taɓa ba. Manhajar tana da layi ɗari uku, fayil ɗin yana da haruffa miliyoyi. A ina matsalar take?

Matakin farko shi ne ta sake fassara manhajar zuwa harshen inji tare da ƙara alamar -g, wadda ke sa a adana sunayen da ta raɗa wa abubuwa da lambobin layuka. Daga nan sai ta kira GDB, ta rubuta run. Manhajar za ta kama aiki har ta kai inda take mutuwa, sai dai a wannan karon gawar ba za ta ɓace ba, dibaga za ta riƙe ta yadda ta faɗi. Sai ta rubuta backtrace, wato bin sawu, kamar yadda mai neman ɓatacciyar dabba ke bin sawunta da baya har garke. Nan take za a jero mata cewa mutuwar ta auku a layi na 42, cikin sashen ƙidaya, wanda sashen karanta fayil ya kira daga layi na 118. Sai ta rubuta print tare da sunan gurbin da ke riƙe da harafin da ake kai. Amsa ta fito: N.

Duk mai nazarin DNA ya san wannan harafi. Shi ne na'urar karanta jeri ke sawa a inda ta kasa tantance ko wane ne daga cikin huɗun. Ɗalibar ta tanadi gurabe huɗu kawai, manhajar ta nemi gurbin N ba ta samu ba, ta dawo da adireshin da babu kowa a cikinsa, ta yi yunƙurin rubutu a wurin, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta kashe ta. Umarni uku, cikin abin da bai kai minti biyu ba, sun warware abin da zai iya cin yini guda.

Sauran umarnin da ake buƙata yau da gobe ba su da yawa. Akwai break, wanda ke kafa shinge a wani layi, tamkar shingen binciken ababen hawa, duk lokacin da manhaja ta iso wurin dole ta tsaya. Ana danganta asalin wannan dabara ga Betty Holberton, ɗaya daga cikin matan nan shida da suka fara tsara wa kwamfutar ENIAC aiki a shekarun 1940. Akwai next da step masu tafiyar da manhaja layi ɗaya, bambancinsu shi ne na biyun yana kutsawa cikin kowane sashe da aka kira, na farkon kuwa yana tsallake shi. Akwai continue mai sakin linzami har shinge na gaba. Akwai kuma watch, wanda ke sa dibaga ta yi gadin gurbi ɗaya, ta yi kururuwa da zarar wani abu ya sauya abin da ke cikinsa. Kusan dukkansu ana iya taƙaita su zuwa harafi ɗaya ko biyu, kuma danna maɓallin shigarwa kaɗai yana maimaita umarnin baya. Abin da ke ƙarƙashin shingen ma ba shi da sarƙaƙiya. A kwamfutoci masu ƙirar Intel, dibaga tana ɗauke farkon umarnin da ke wurin, ta sa wani na musamman mai tsawon bayit ɗaya a madadinsa. Da injin ya taka shi sai ya tsaya ya miƙa ragama ga dibaga, ita kuma ta mayar da na asalin idan za a ci gaba.

Wannan ita ce hujjar masu cewa abin mai sauƙi ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ɗalibin da ya haddace sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi ba zai ce kalmomi goma sun gagare shi ba.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kuma wanda ya fara buɗe GDB ba ya ganin kalmomin nan goma. Abin da yake gani shi ne fili fetal da alama mai jira. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da tabbatar da cewa gane abu idan an gan shi ya fi tuno shi daga ka sauƙi, kamar yadda tambayar zaɓi-ɗaya ta fi tambayar cike gurbi sauƙi a jarrabawa. Dibaga mai tagogi tana shimfiɗa wa mutum komai a gabansa: ga rubutun manhajar, ga kibiya tana nuna layin da ake kai, ga gurabe da abin da ke cikinsu suna sauyawa a kan idonsa. Ta layin umarni kuwa ba ta faɗin abin da ba a tambaye ta ba. Dole mutum ya riƙe taswirar manhajar a kansa, ya tuna inda ya tsaya, ya san abin da zai tambaya. Idan ya nemi taimako wajen littafin jagora, sai ya tarar da ɗaruruwan shafuka, kuma babu mai gaya masa cewa kaɗan daga ciki ne ke gabansa a yau.

Bugu da ƙari, yawancin wahalar da ake ɗora wa dibaga ba tata ba ce, ta abin da take nunawa ce. Idan ta buga adireshin ma'adana da lambobi masu tushe goma sha shida, wanda bai san yadda kwamfuta ke tsara ma'adanarta ba zai ga kamar rubutun aljanu ne. Idan an fassara manhaja da umarnin a ƙara mata sauri, mai fassarar yakan sauya jerin layuka, ya shafe wasu gurabe ɗungurungum, sai mutum ya tambayi abin da ke cikin gurbi a ce masa babu shi, ko ya ga manhaja tana tsalle gaba da baya. Mafi ban takaici su ne kurakuran da ke ɓuya da zarar an sa musu ido, waɗanda masu sana'ar suka yi wa laƙabi da sunan Werner Heisenberg. Irin waɗannan sukan faru ne idan sassa biyu na manhaja suna gudu a lokaci guda suna rige-rigen taɓa gurbi ɗaya. Tsayar da manhajar yana sauya saurin tseren, sai kuskuren ya ƙi fitowa. Mai nazarin halittu ya san irin wannan matsala sarai, domin rinin da ke sa a ga ƙwayar halitta a ƙarƙashin madubi sau da yawa shi ne ke kashe ta. Tagogi da hotuna ba sa maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A nan ya kamata a lura cewa kalmar sauƙi tana ɗauke da ma'ana biyu da ake cakuɗawa a wannan jayayya, wato sauƙin ƙira da sauƙin sarrafawa. Tarihin madubin duba ƙananan halittu ya raba su a fili. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a ƙasar Holan, ya yi aiki da madubi mai ƙwayar gilashi ɗaya tak, wadda aka dasa a tsakanin 'yan faranta biyu na ƙarfe. Babu ƙirar da ta fi wannan sauƙi, amma mafi kyau daga cikin madubansa suna ƙara girman abu fiye da sau 200, kuma da su ne ya ga bakteriya a shekarun 1670. Robert Hooke na Ingila, wanda ya wallafa littafinsa Micrographia a 1665, ya fi son madubi mai gilasai da yawa, mai bututu da mazauni, wanda ya fi daɗin aiki amma bai kai na Leeuwenhoek ƙarfi ba. Hooke ya san fifikon mai gilashi ɗayan, sai dai ya koka cewa yana wahalar masa da ido, domin sai an manna shi dab da ƙwayar ido an daɗe ana juya shi a gaban haske. Dibagar layin umarni jikar madubin Leeuwenhoek ce. Masu yabonta suna maganar ƙirarta, masu kushe ta suna maganar makon farko da suka yi da ita, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Abin da ya hana ta mutuwa

Da yawa daga cikin dibagogi masu tagogi riga ce kawai aka sa wa ta layin umarni. A tsakiyar shekarun 1990, Andreas Zeller da Dorothea Lütkehaus na Jami'ar Fasaha ta Braunschweig a Jamus sun fito da DDD, wadda ke zana bayanai da akwatuna da kibiyoyi, amma a bayan fage GDB ko dbx take aika wa umarni. Haka abin yake ga manyan manhajojin rubuta manhaja da dama na wannan zamani. Kamfanin Apple ya bar GDB ya koma LLDB, amma ita ma LLDB tana da nata layin umarnin, wanda ke nan a wani lungu na tagar Xcode. Ita kanta GDB tana da wani yanayi da ke raba fuskar kwamfuta biyu, rubutun manhaja a sama, umarni a ƙasa, ko da yake masu koyo da yawa ba su san da shi ba.

Akwai kuma wuraren da babu zaɓi. Manyan ayyukan nazarin DNA ba a kan kwamfutar cinya ake yin su ba, a kan tarin kwamfutoci ne da ke girke a wani gini, wataƙila a wata nahiya, waɗanda ba su da fuska balle tagogi. Mai bincike yana isa gare su ne ta intanet, da rubutu zalla. Ga ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ko Yamai, wanda layinsa na intanet ke yankewa yana dawowa, wannan ma wata fa'ida ce, domin 'yan haruffa suna ratsa raunanan layi cikin sauƙi, inda hoton taga zai tsaya cak. Idan aikin da ya kwana yana gudu ya mutu da asuba, kwamfutar za ta iya barin hoton ma'adanarta na daidai lokacin mutuwar a cikin fayil, sai a buɗe shi da GDB a yi binciken gawa ba tare da an sake kwana ana jira ba.

Fa'ida mafi girma a wajen mai kimiyya ita ce, umarnin da aka rubuta yana barin shaida. Ana iya adana shi, a aika wa abokin aiki, a maimaita shi harafi da harafi bayan shekara guda, kamar yadda ake rubuta matakan gwaji a littafin ɗakin bincike. Danne-dannen da aka yi a taga kuwa sun tafi ke nan. Ana kuma iya gindaya wa shinge sharaɗi, a ce kada a tsaya sai an kai harafi na miliyan biyu, ko sai wani adadi ya koma ƙasa da sifili. Tun daga fitowa ta 7.0 a shekarar 2009, GDB tana karɓar umarni da harshen Python, tana kuma iya tafiyar da manhaja da baya. A 2014 masu bincike a Mozilla suka fito da rr, wadda ke naɗar gudun manhaja baki ɗaya domin a sake kunna shi sau nawa aka ga dama, abin da ya rage wa kurakuran nan masu ɓuya wurin ɓuya. Masu aiki da Python suna da pdb, masu aiki da R suna da browser da traceback, kuma wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuya da sauran ba, domin tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne.

Abin mamaki, wasu daga cikin gwanayen wannan sana'a ba su damu da dibaga ba sam, mai tagogi ko maras tagogi. Brian Kernighan da Rob Pike na ɗakunan bincike na Bell sun bayyana a littafinsu na 1999 cewa sun fi dogara ga zurfin tunani da dasa 'yan layukan da ke buga abin da ke faruwa a muhimman wurare. Linus Torvalds ya yi shekaru yana ƙin a sa dibaga a cikin zuciyar Linux, bisa hujjar cewa tana sa mutum ya yi maganin alamar ciwo ya bar ciwon, sai a 2008 aka shigar da ita. Wannan matsayi ya yi tsauri, kuma wanda ya taɓa ganin bin sawu ya warware matsalar yini guda cikin minti biyu ba zai karɓe shi duka ba. Amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Mai bin manhaja layi-layi ba tare da wani zato da yake son gwadawa ba, daidai yake da mai leƙa madubi bai san abin da yake nema ba. Aikin yana tafiya ne idan an bi shi kamar gwajin kimiyya: a fara da tabbatar da cewa ana iya sake haifar da kuskuren duk lokacin da aka so, a yi zato, a kafa shinge inda zai gaskata zaton ko ya ƙaryata shi, sannan a raba wurin da ake tuhuma biyu a jefar da rabi. Wannan rabawa biyu-biyu ita ce dabarar mabuɗin tantance tsirrai da ɗaliban shekarar farko ke koya, kuma ƙarfinta ya wuce yadda ake zato: tambayoyi goma sun isa su ware abu ɗaya daga cikin 1,024.

Duk wannan bayani ya shafi kuskuren da ya bayyana kansa ne. Manhajar ɗalibar nan ta kyauta mata da ta mutu, domin da ta lanƙwame harafin N ta ƙidaya shi a matsayin A, da babu wanda zai buɗe dibaga. A shekarar 2001, Geoffrey Chang na Cibiyar Bincike ta Scripps da ke California ya wallafa siffar wani furotin mai suna MsbA a mujallar Science, aikin da ya jawo masa yabo ƙwarai, domin furotin ɗin yana cikin dangin masu fitar da abubuwa daga cikin ƙwayar halitta, waɗanda wasunsu ke da hannu wajen bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. A watan Satumba na 2006, Roger Dawson da Kaspar Locher na birnin Zurich suka wallafa siffar wani furotin ɗan uwansa a mujallar Nature, sai aka ga ta sha bamban da ta Chang. Da ya koma ya bincika, sai ya gano cewa wata ƙaramar manhaja da ɗakin bincikensa ya gada daga wani ɗakin tana musanya layuka biyu na alƙaluma, abin da ya juya taswirar furotin ɗin. Manhajar ba ta taɓa tsayawa ba, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, shekara biyar tana ba da amsa mai kyan gani. A watan Disamba na 2006 aka sanar da janye takardun, waɗanda jimillarsu ta kai biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science.